Yawun da Na Tofa a Kwalba

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da kai da aikinka da mutanen gidanka. Yaya 'yarka Mai-idanu? Ni dai alhamdu lillahi, sai gwiwar nan da ka sani.

Shekara bakwai ke nan ina faɗa maka magana ɗaya kana mayar da ni mahaukaci. Na ce kurumtar yarinyar nan ba daga gidanmu ta fito ba. Kakanka ya kai tasa'in yana jin motsin ɓera a bayan ɗaki. Ni kuwa shekara arba'in da biyar ina gyaran rediyo, da kunne nake gane ciwo tun kafin in kwance murfi. A aikinmu, in rediyo ta yi shiru, abu ɗaya ne ya mutu a cikinta. Ka nemo shi, ka cire, ka sa sabo. Abin da na ce ka yi da matarka ke nan, ka kwashe iyalinka ka koma ƙarshen gari, ko waiwaye babu.

To, Allah ya kawo mai raba gardama. Ranar Talata wata mata ta sallamo shago, Farfesa suke ce mata, ta ce daga jami'a take, suna bincike a kan gidajen da aka haifi kurame, kuma kai ka kwatanta musu inda nake. Na ce mata ta zo gidan da ya dace, ni ne shaidar da za ta wanke zuriyarmu. Jiya na je. Ɗaki ne fari tas, sanyi kamar cikin firji, aka ba ni 'yar kwalba aka ce in tofa yawu har ya kai wani layi. Ni da ko allura ba na tsoro, yawu kawai suke so! Na cika musu har ya wuce layin.

Kada ka yi mamakin wannan takarda. Ɗalibansu ne suka sa mini wani abu a wayata, ina magana tana rubutawa, in an aiko mini kuma ta karanta mini. Saboda haka hujjar da kake fakewa da ita, wai tsoho bai iya karatu ba, ta ƙare.

Ka tanadi bakin da za ka ba ni haƙuri da shi.

Mahaifinka,
Mai gyaran rediyo

*

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da iyali baki ɗaya. Da fatan kowa lafiya.

Sau huɗu ina fara wannan wasiƙa ina cewa wayar ta goge. Ban san ko tana gogewa ba. In ka ga wani shirme a sama, ka tsallake.

Sun kira ni ranar Alhamis. Na sa babbar riga da hular da nake zuwa ɗaurin aure da ita, har na gaya wa mai walda na kusa da ni ya jira ni, zan dawo da labari. Farfesa ta ba ni kujera, ta rufe ƙofa, ta sake tambayata sana'ata. Sai ta tambaye ni ko na taɓa gyara rediyo mai lasifika biyu wadda ɗaya ta mutu amma mai ita bai sani ba. Na ce sau nawa ma! Mutum ya shekara goma yana jin labarai da lasifika ɗaya, yana rantsuwa rediyonsa garau take. Ta ce to haka jikin ɗan Adam yake. Abin da ke sa kunne ya ji, kowa biyu gare shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ɗaya ya lalace, ɗayan yana aiki, babu mai ganewa. Sai yaro ya gaji lalatacce daga ɓangare biyu sannan zai zo kurma.

Tun kafin ta ƙarasa na gane inda ta dosa, don ni ba sai an buɗe mini murfi ba. Ta ce ka ba ta izini ta gaya mini cewa kai kana ɗauke da lalatacce ɗaya, kuma yawuna ya nuna ni ma ina ɗauke da irinsa sak.

Ka san abin da na tambaye ta? Allah ya yafe mini. Na ce ko dai daga marigayiya uwarka ka samo. Matar da ta shekara goma sha ɗaya a ƙasa, ita na so in jiɓga wa. Farfesa ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɗaure fuska ba. Ta ce ba laifin kowa ba ne, ba a zaɓar abin da za a gada. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na fito ban yi sallama ba. Sai da na hau mota na ji rana a tsakar kaina, ashe hular na bari a kan kujerarta. Mai walda ya leƙo yana cewa ina labarin, na ce injinsu ne ya lalace, sai wani makon. Kwana uku ban buɗe shago ba.

Har yanzu ina cewa da ka zaunar da ni tun farko ka yi mini bayani da lasifika kamar yadda ta yi, da ba a kai nan ba. Na san za ka ce ba na barin mutum ya kai aya. To, ka faɗa.

Mahaifinka

*

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Ka gaishe mini da 'yata, uwar Mai-idanu. Ka faɗa mata haka na kira ta.

Na koma jami'ar in ɗauko hulata. Da zan fito na ɓata hanya, na bi wata doguwar baranda, na iske aji mai tagar gilashi, yara sun fi ashirin, babu sauti ko ɗaya amma hannaye sai tashi suke. Nan ne suke gwada sabuwar hanyar koyar da kurame karatu, da hannu da wani allo mai hoto. Na gan ta a cikinsu, ɗana, Mai-idanu. Ta yi tsawo, goshin uwarka ta ɗauko. Tana ba ƙawarta labari, su biyu suna ƙyaƙyatawa, ni ko kalma ɗaya ban gane ba. Da ta juyo wajen taga na laɓe bayan ginshiƙi kamar ɓarawon takalmi.

A nan malamarsu ta same ni. Na ce a hankali, ina magana da kaina, wannan wace irin makaranta ce ta marasa baki. Sai ta rubuta a wayarta, wayar ta faɗa mini da ƙarfi: Baba, bakinmu yana hannunmu. Ita ma kurma ce, a leɓena ta karanta. Na tambaye ta ko ƙananan yara ma suna iyawa. Ta ce ba duka ba, amma wasu tun suna shekara huɗu suke tsintar kalmomi, fuska kuwa babu wanda ya kai su karanta ta.

Ranar da kuka bar gida, yarinyar nan tana da shekara biyar, tana tsaye ta dafa gwiwata, idonta a kan bakina. Ni na raɗa mata Mai-idanu saboda wannan kallon, ina cewa amaryar tawa ta ƙi ƙiftawa. A kan kanta na ce da kai lalataccen kaya aka kawo mana, ka mayar inda ka ɗauko. Ban rage murya ba, ban juya baya ba, don na ɗauka da ita da bango ɗaya ne.

Akwai ajin iyaye da kakanni duk Asabar. Sau uku na je. Ni ne mafi tsufa, ni ne kuma mafi daƙiƙanci. Yatsun nan da dalma ta ƙona ba sa lanƙwasuwa, malama ta ce gaisuwata kamar mai korar kaji. Duk da haka na iya kaka, na iya na yi kuskure, na iya ki yafe mini. Ina maimaita su a shago, mai walda yana zaton aljanu ne suka shafe ni.

Amma ba zan tsaya a gabanta ba sai na san abin da ta sani. Ta gane abin da na faɗa ran nan? Tana tuna shi? In an yi mata alamar kaka, me fuskarta take yi?

Wasiƙa uku ke nan, wayar nan ba ta karanta mini ko harafi ɗaya daga gare ka ba. In kai ba za ka iya ba, ka ba uwarta takardar, ita ta fi kowa haƙƙin ta wanke ni tas, zan saurara har ta kai aya. In ita ma ta ƙi, ku ba yarinyar, ai ta iya karatu, ta fi ni. Ko kada ka zo ne, a ce mini kada ka zo. Cikin ku ukun nan, wani ya ba ni amsa kafin Asabar.

Wassalam.

Mahaifinka,
kakanta