A Daina Zuwa Duba Ni, a Mayar Mini da Babur

Sirajuddeen Aƙilu,
Malamin Gona, Shiyyar Sunkani,
Sabon Gari, Jalingo.
Litinin, 14 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga
Mai Girma Babban Sakatare,
Gamayyar Manoman Riɗi ta Bakin Lamurde,
Jalingo, Jihar Taraba.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SHAWARAR KWAMITIN WALWALA TA A YI MINI RITAYA, WAI NA KASA TASHI

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ma ina nan lafiya, kuma wannan ce matsalar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Ofishinka ya sani cewa a shekarar 2023 likitoci sun gano ina da ciwon dajin ɓargo, wanda suke kira mayeloma. Na sha magani mai ƙarfi, na ga abin da na gani, har ƙashin bayana ya lotsa na rage tsawo, telana shaida ne. A watan Fabrairu 2024 likitan jini ya ce ciwon ya kwanta, ya ba ni izinin komawa aiki, ya ɗora ni kan maganin riƙo. Ƙwaya ɗaya ce kullum har mako uku, in huta mako guda, sai gwajin jini duk wata da ƙarin ruwa na ƙarfafa ƙashi lokaci-lokaci. Da na tambaye shi ranar gamawa, ya ce babu. A matsayina na malamin gona na gane nan take: ciyawar wuta-wuta ce a gonar dawa. An nome ta, gona ta yi kyau, amma irinta na cikin ƙasa, don haka ba a jingine fartanya.

Kwamitin Walwala na wannan gamayya, ƙarƙashin Madam Keziah, yana da al'ada mai kyau: duk ma'aikacin da ya kwanta ciwo, a je dubiya gidansa ranar Juma'ar ƙarshen wata, har sai ya warke ko Allah ya yi ikonsa. Ni kuwa na ƙi yin ko ɗaya. Daga nan abubuwa suka rikice, kamar haka.

1. Ranar Juma'a, 26 ga Afrilu, 2024, kwamitin ya iso gidana bayan la'asar da kulolin farfesu da ledar lemo, suka same ni a ƙofar gida da gajeren wando ina wanke mota, ina bin rediyo da waƙa. Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin mutane sun ji kunya irin ta ranar ba. Sun yi hayar Keke biyu, sun shirya fuskokinsu tun daga ofis. Malam Manga direba, wanda shi ke jan addu'a a ɓangaren Musulmi, ya rasa wa zai yi wa sannu, sai ya yi wa motar. Bayan sun tafi, maiɗakina Hajaratu ta ce na tozarta baƙi, kuma a gidansu ba a yi mata tarbiyyar a zo dubiya a tarar da majinyaci yana rawa ba.

2. Tun daga ranar, duk Juma'ar ƙarshen wata ana sallamata daga ofis da hantsi domin in je gida in jira a zo duba ni. Da Hajaratu ta ji ƙarar Keke, sai ta kora ni ɗaki, ta shimfiɗe ni, ta lulluɓe ni da bargo a zafin Jalingo, ta jera kwalayen magani a kan kujera, har da na tarin yara don su yi yawa. Umarninta shi ne in amsa gaisuwa a hankali, kada in yi dariya, kada in tambayi yadda wasan ƙwallo ya tashi. Na bi, domin shekara ashirin da aure sun koya mini cewa akwai abin da ya fi mayeloma wuyar sha'ani. Kara na yi wa baƙi, ranka ya daɗe. Ban san shaida nake tara wa kaina ba.

3. A rahoton da kwamitin ya miƙa wa ofishinka ranar 30 ga Yuni, 2025, an rubuta cewa fiye da shekara guda ba su taɓa samuna a zaune ba, kullum cikin gumi, murya ta dushe, jiki kuma ya kumbura. Ina roƙon a gyara. Gumin na bargo ne. Muryar ta Hajaratu ce, ita ta rage ta. Kumburin kuwa ba kumburi ba ne, ƙiba ce, kuma farfesun kwamitin ne ya kawo ta. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, waɗanda suka sa hannu a rahoton su ne nake gaisawa da su a ofis Litinin zuwa Alhamis a kan ƙafafuna. Da na tuna wa Madam Keziah haka, sai ta dafa kafaɗata ta ce wannan ƙarfin hali ne kawai, haka kawunta ya yi ana saura mako guda ya rasu.

4. An karɓe babur ɗin aiki daga hannuna an ba wani sabon ma'aikaci, Victor, an ajiye ni kusa da ƙofa a kan kujera mai matashi biyu, ba a ba ni aikin komai. Ko fayil na ɗauka sai wani ya taso ya karɓe yana cewa in bari, in huta. Ba ni da ƙorafi a kan Victor, yaron kirki ne, sai dai har yau in manomi ya nuna masa ganyen riɗi mai tsutsa, hoto yake ɗauka ya turo mini. Wato ina aikin Sunkani ta waya, shi kuma yana shan iskar hanya.

5. Likita ya gargaɗe ni cewa maganin nan yana rage wa jiki garkuwa, in guji cunkoso da masu mura. A ofis tagogi a buɗe suke. A gona kuwa iska ce ta Allah. Wuri ɗaya tak da nake shiga haɗari shi ne ɗakina, ranar dubiya, inda mutum tara ke zagaye ni a rufe ƙofa. Madam Keziah ta yi addu'arta, Malam Manga ya ga kada a fi shi ya ja tasa, yana yi yana tari. Murar da ta kwantar da ni da gaske a watan Nuwamba, kwamitin ne ya kawo ta tare da lemo.

6. Haka kuma ina roƙon a daina kawo mini jiƙe-jiƙe a gorar ruwa. Likita ya ce ƙodata ba za ta ɗauka ba. Don kada a ji haushi nake karɓa, Hajaratu ta zuba a gindin gwandar bayan gida. Gwandar ta mutu.

Ranka ya daɗe, ba zan ce maka ni garau nake ba. Ƙafafuna suna yin kamar ana tsira musu allura, makon ƙarshe na magani gajiya kan sauko mini tun azahar, cikina kuma yakan yanke hukunci ba tare da shawarata ba. Amma na san kowace bishiya mai sirri tsakanin Jalingo da Sunkani. Na kuma san ciwon nan yana iya dawowa, likita bai ɓoye mini ba. Duk wata in na miƙa hannu a ɗebi jini, ba na iya kallon fuskar Hajaratu sai sakamako ya fito. Wannan sararin da ƙwayar nan take saya mini, ban san tsawonsa ba. Shi ya sa nake ƙyashin in ƙarar da shi a ƙarƙashin bargo ina nishin ƙarya. Damina ta yi nisa, manomana suna shuka, ni ina gadin ƙofa.

Saboda haka nake roƙon ofishinka, cikin ladabi, da ya jingine shawarar ritayar nan, ya nemi bayani daga likitana maimakon daga bargona, a kuma mayar mini da babur da shiyyata kafin riɗi ya fara fure. Rana ɗaya kawai nake nema a wata, ta zuwa asibiti.

Game da kwamiti, ina gode musu har zuciya, domin lokacin da nake kwance na gaskiya su ne suka riƙe gidana. Idan dole sai sun gan ni duk wata, su same ni a gonar gwaji ta Sunkani, farfesun ma zai fi daɗi a can. Dubiyar kuwa a ajiye mini ita, kada a ƙarar. Ranar da zan buƙace ta Hajaratu za ta aiko, kuma ranar ba sai ta ce mini in rage murya ba.

Na kawo wannan takarda da ƙafata har ofishinka, a bene hawa na biyu, ban huta a hanya ba sai sau ɗaya. Masinjanka ya gani.

Allah ya ƙara girma, ya sa a duba da idon rahama.

Naka mai biyayya, wanda ke tsaye,

Sirajuddeen Aƙilu
Malamin Gona, Shiyyar Sunkani