Tsuntsun da Ya Koyi Kiran Shanunmu

Edinbara, Janairu 1983

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Baffa Gidaɗo da shanu can Gummi. Ni lafiya lau, sai dai sanyi da rashin abokin hira.

Wasu baƙaƙen tsuntsaye masu kama da carki suna sauka lambun gidan da nike haya. Ina jiƙa musu burodi, in haɗa da ɗan kitse marar gishiri. Da irin fiton da muke kiran shanu nike kiransu. Jiya, Inna, ɗaya ya maimaita fiton nan daidai! 

Kin ce in dawo in abin ya yi tsanani. Ba ni dawowa sai na zama likitan dabbobi. Ki sa mani albarka, ki kwantar da hankalinki: na samu mai amsa mani.

Ɗanki,
Jabbi