Kunya ta Biyu

Magariya, 9 ga Yuni 1976

Zuwa ga Yaya Bubakar,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Baba da Mero da yara. Mu ma nan sai godiya.

Yaya, ban gane abin da ya faru ba. Na turo 'yan ƙwadago ƙarfafa a kamyona, babbar motar kaya, har Dungas don su yi noman fari a gonar Baba, sai ga su sun dawo mini da yamma, wai tsoho ya ce su sha fura su koma. Me na yi? Ka san ni. Daga aji uku na bar kwalej a Damagaram, na yi karen mota, na ɗauki buhun gyaɗa a wuya har fatar ta mutu, ba wanda ya ba ni ko allura. Yau in na aika hannu goma madadin nawa biyu, ina laifi? Ka fahimtar da shi. Shago ba ya barin mutum.

Ka gaida kowa.
Ƙanenka, Labaran

Dungas, 15 ga Yuni

Labaran,

Sallama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne, ba na lakwal ba, bokon da ka yi.

Ba sai na gaya maka al'adar gidanmu ba. Ranar gayya ba mai sa hauya a gonar Baba sai 'ya'yansa sun buɗe kunyarsu, tawa ta fari, taka ta biyu, sannan jama'a su shigo. Bara ka ce mota ta lalace. Bara waccan ka ce kana Kano. Kunyarka ni nake komawa in yi, mutane na tsaye suna kallo.

Idon Baba ya tafi duka yanzu. A gindin tsamiya muke zaunar da shi, ya ce, "Wa ke kunya ta biyu?" In na ce ni ne, sai ya kawar da kai. Bana ya ce in ba ka zo ba, a daina barin ta, ɗa ɗaya ya haifa wa gona. Mutari taubashinka har ya sa maka suna, wai Alhaji Kada-rana-ta-gani. Ya ce in ka zo zai riƙe maka lema.

Gayya ran Asabar ta sama. Ka zo, ko rabin kunya ne.

Ka huta lafiya.
Bubakar

Magariya, 19 ga Yuni

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. Wannan takarda kai kaɗai za ka karanta, kada ka ba yaro.

Ba girman kai ba ne. Shekara ta uku ke nan jikina ba ya son gumi. In na yi sauri, ko na ɗaga abu mai nauyi har jikina ya yi zafi, sai ƙaiƙayi ya fara daga tafin hannu, ya hau wuya, borin jini ya feso mini ko'ina, ja, faɗi-faɗi kamar an zane ni da bulala. Leɓe ya kumbura, ido ya rufe. In na zauna a inuwa ya lafa kamar ba a yi ba, shi ya sa ba mai yarda. Ran nan taya kawai na canza a hanyar Bande, sai da direbana ya kwantar da ni ƙarƙashin mota yana zuba mini ruwa.

Majo, shugaban masu jinya na likitar nan, wato asibitinmu, ya ba ni ƙwaya, barci kawai take sa ni. Na je Damagaram, likita ya duba ni ina sanye da riga mai tsabta, jiki sumul, ya ce ba ya ganin kome, in daina abin da ke tayar da shi. Na ce masa abin da ke tayar da shi aiki ne. Ya ɗaga kafaɗa.

Yaran shago suna ɗauka sarauta ce ta sa nake nuna buhu da baki. Na bar su a haka, ya fi mini sauƙi.

Kada ka gaya wa Baba. Zan zo. Da sanyin safiya ne, wataƙila in kai ƙarshe kafin jikin ya farga. Ka ce wa Mutari ya ajiye lemarsa, ya rufe sanƙonsa da ita.

Naka, Labaran

Likitar Magariya, 1 ga Yuli

Yaya Bubakar,

Ina gaisuwa. Na fara zama, murya ma ta dawo.

Abin da na tuna kaɗan ne. Na tuna Ɗantsoho makaɗi yana kiran sunan kakanmu da ganga, na tuna hauya ta zauna a hannuna kamar ban taɓa ajiye ta ba. Na ji Baba ya tambaya, ka ce, "Labaran ne." Wallahi don wannan na ƙi tsayawa da tafina ya fara ƙaiƙayi. Na ji Mutari na cewa, "Kai, ɗan birni, ƙudan zuma ka taka?" yana dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Daga nan maƙogwarona ya matse kamar an ɗaure bakin buhu.

Majo ya ce an kawo ni a amalanke ina warin ganye, kuma da an ƙara jinkiri da sai dai gawa. Na tambaye shi yaushe zan warke. Ya ce bai sani ba, shi ma bai taɓa ganin irinsa ba.

Me aka yi mini? Kuma na kai ina a kunyar? Ka faɗa mini gaskiya.

Labaran

Dungas, 6 ga Yuli

Labaran,

Mun gode Allah da ka tashi. Kowa na gaishe ka.

Ka wuce rabi kaɗan. Da muka kai ka inuwa ka fara samun numfashi. Sai Inna Hassana mai magani ta ce shawara ce ta fito fata, a yi maka surace ta fita da gumi. Aka dafa ganye, aka lulluɓe ka da bargo kan tukunya. Na ce a bari, ta ce tun kafin a haife ni take yi wa mutane. Na tuna ka ce kada in faɗa, na tsaya ina juya maganar a baki. Da na yaye bargon fuskarka ba ta mutum ba ce. Mutari ne ya ɗauke ka a kafaɗa har amalanke, yana kuka kamar mace.

Kafin a tafi da kai Baba ya sa aka kai shi wurinka. Ya shafa fuskarka da hannu biyu, ya nemi idonka bai samu ba. Daga baya na karanta masa takardarka, ka yafe ni.

Ya ce in gaya maka kada ka sake taka gonar da hauya, ya hana ka, ko bayan ransa. Na ce, "Baba, fushi ne?" Ya ce, "Wane fushi. Tsoro nake ji." Kunya ta biyu ya ba Abdullahi ɗana daga baɗi.

Sauran taka ba wanda ya taɓa. Na ɗauki hauya, ya ce a bar ta. Ciyawa ta fara cin geron.

Allah ya ƙara sauƙi.
Bubakar

Magariya, 11 ga Yuli

Yaya,

Na samu, na gode. Ba abin yafewa tsakaninmu. Ka gaida Inna Hassana, ka ce ban riƙe ta ba.

Abdullahi yaron kirki ne, zai iya. Na aiko masa da sabuwar hauya ta hannun direba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka tambayi Baba ko baɗi zai bar ni in zo in zauna kusa da shi gindin tsamiya. Ba zan taɓa kome ba. In ya tambaya wa ke kunya ta biyu, ni zan gaya masa.

Ku huta lafiya.
Ƙanenka, Labaran