Nauyin Zoben Boris

Bremen, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga mahaifina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gwiwa da wannan sanyi? Ina fata kana shan maganinka. Tunda injin jirgin ruwa ya cinye maka kunne, sai dai mu gana a takarda.

Baba, na fasa wa mutum baki, an kuma dakatar da ni daga aiki.

Ka san faifan ƙarfen nan da muke haɗawa, mai juyawa cikin tauraron ɗan'adam don ya tsaya daidai. Ranar Talata muna gwada ɗaya a tukunyar da ake zuƙe wa iska, yana juyi dubu shida a minti, sai muka ji ƙara kamar ana yanka alade. Frauke, abokiyar aikina ta shekara goma sha tara, ta leƙa 'yar tagar gilashin. Boris ɗin da faifan ke juyawa a kansa ya cije, faifan ya tarwatse, wani ɓalli ya fasa gilashin ya shige idonta na hagu. Jini ya wanke farar rigarta. Ni na danne mata fuska har motar asibiti ta iso, tana ihu tana cizon yatsana.

Da aka buɗe boris ɗin, sai ga wani datti kamar ƙonannen sukari. Kai kullum cewa kake mai ai mai ne. A wurinmu ba haka ba. Akwai mara nauyi, shi ya dace da wannan ƙarfe. Akwai mai nauyi, ba ya ga-maciji da wancan, in kuma ya gogu da ƙarfe har ya yi zafi sai ya koma tsakuwa. A ido dukansu kamar ruwa suke. To, mai nauyin aka samu a ciki. Wanda ya sa giris kuwa Eike ne, injiniyan da aka kawo mana bara, sarkin iyayi.

Na same shi a ɗakin cin abinci. Ya taso da wata takarda yana cewa, "Hauke, tsaya, zoben nan..." Na ce, "Zoben ubanka!" Naushi ɗaya ya kife kan tebur, miya ta bi shi, na haye ruwan cikinsa ina kirɓa. Sai da ƙarti huɗu suka ɓamɓare ni. Haƙora uku sun zube, muƙamuƙi ya karye. Ko kusa ban yi nadama ba.

Ka huta lafiya. Ɗanka,
Hauke

Bremen, 17 ga Fabrairu

Baba,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, na ga wasiƙarka. Ka ce namiji na yi. To, ka janye wannan magana.

Kwamitin bincike ya aiko wa kowa takardun aikinsa. Cikin boris akwai wani zobe da ke riƙe ƙwallayen, shi ake jiƙawa a mai kwana bakwai ya sha ya ƙoshi. Ana ɗora shi kan sikeli kafin jiƙo da bayansa. Wannan aikina ne. Ga rubutun hannuna ƙiri-ƙiri: nauyin da zoben ya ƙara ya ninka na kullum. Mai nauyin ya sha, Baba. Ni na ɗauko kwalbar.

Dokarmu ita ce ido huɗu: ɗaya ya yi aiki, ɗaya ya duba ya sa hannu. Ranar jiƙo ta faɗo ranar bikin yawon cin kabeji da muke yi duk shekara, jama'a na waje da amalanken giya suna ƙwala mana kira. Ranar awo kuma na rubuta lambar ban ko kalle ta ba. Frauke ta sa hannu a duka ranakun biyu tana gyara gashi, don shekara goma sha tara ban taɓa kuskure ba. Gwanin ruwa shi ruwa kan ci.

Na je asibiti na faɗa mata. Ta kalle ni da idon da ya rage. Na ce in na yi magana har ita zai shafa, kowa kuma ya riga ya yarda Eike ne, korarsa za a yi. Ta ce, "Kai, tsohon banza, ka cire min ido, yanzu kuma so kake na riƙe maka ƙafar yaron mutane ka yanka? Fita min."

Tsoro nake ji, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Jibi kwamitin zai zauna.

Ɗanka,
Hauke

Bremen, 20 ga Fabrairu

Babana,

Ina gaishe ka, da fatan ka tashi lafiya. Na faɗa musu. Na ajiye takardar a gabansu na ɗora yatsa kan lambar. An tsayar da sauran faifan huɗu da na jiƙa wa zobe, ni kuma an karɓe min katin shiga ma'aikata. Maganar dukan da na yi wa Eike tana hannun 'yan sanda.

Daga nan na wuce gidan Eike. Matarsa ta so rufe ƙofa, shi ya ɗaga mata hannu. An ɗaure masa muƙamuƙi da waya, miya yake zuƙa da tsinke. Na yi ta zuba, ni ne, ni ne, ka yafe. Bai ko ƙifta ba. Ya jawo aljihun tebur ya miƙo min takardar nan da ya riƙe ranar, duk busasshen jini da miya. Tawa ce, ya zagaye lambar da jan biro. Ashe tun a ranar ya gano, bai kai wa manya ba, ni ya fara nema.

A bayanta ya rubuta min: "Cewa zan yi ka je ka faɗa da bakinka, kafin su gani."

Ka gyara min ɗakina, zan zo ran Asabar. Kada ka tarye ni a tasha, ba na son ka ga hannuna a bainar jama'a, tabon dukan bai warke ba.

Ɗanka mai ƙaunarka,
Hauke