Na Sa Su Karanta Littafin da Ni Ban Karanta Ba

Anti Saude, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke damuna ba na faɗa wa abokan aiki ba ne, matata kuwa da na faɗa mata, dariya ta yi har sai da ta nemi wurin zama.

Ni malami ne a wata sakandare mai zaman kanta a nan Mubi, shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da alli. Shekara uku da suka wuce mai makarantar ya ƙirƙiro wani darasi ga 'yan aji biyar, ya sa masa suna adabin duniya, wai don yaranmu su san akwai masu rubutu a gaba da Yola. Ni aka ba darasin, ina jin saboda ina sa tabarau kuma ana yawan ganina da littafi a hammata. Yara ma Farfesa suke ce mini, ban taɓa hana su ba.

Ranar farko ta kowace shekara nakan raba musu takardar abin da nake buƙata daga gare su. Ni na rubuta ta da kaina, kuma na yi alfahari da ita. Ta ce duk littafin da aka ba ɗalibi sai ya karanta shi daga bango zuwa bango. Ta ce wanda aka kama da ɗan ƙaramin littafin taƙaitawa, irin wanda ake sayarwa a kasuwa, ya fāɗi. Ta kuma ce kowa ya faɗi ra'ayinsa ko da ya saɓa wa na malam, in dai zai nuna shafin da ya samo hujja. Ɗalibi ya sa hannu, mahaifinsa ya sa hannu. Shugaban makaranta ya sa aka manna ta a allon sanarwa, a taron iyaye har tafi aka yi mini.

Littafi huɗu muke yi a shekara. Uku sirara ne, na karanta su tsaf. Na huɗun ne matsalar. Fassara ce zuwa Turanci daga wata ƙasa mai sanyi, shafi ɗari shida da 'yan kai, labarin wata mata mai jirgin fito da ke tsallakar da mutane a wani kogi, ba irin mayonmu, rafukan nan da rani ke shanyewa ba. Anti, sau huɗu ina fara littafin nan. Duk sa'ad da na kai shafi na tamanin da bakwai, inda marubucin ya zauna yana bayanin ƙanƙara kamar wanda ba shi da wurin zuwa, sai barci ya ɗauke ni. Daga ƙarshe na je kasuwa na sayi taƙaitawar nan da na haramta, na yi mata bango da tsohuwar kalanda, da ita nake koyarwa. Shekara biyu ba wanda ya sani, don su ma yaran ba karantawa suke ba. Suna yaudarata, ina yaudararsu, kowa da mutuncinsa.

Bana sai Allah ya kawo mini wata yarinya, bari in kira ta Dibora. 'Yar Betso ce, mahaifinta manomi, tana zaune wurin gwaggonta a cikin gari. Ba ta da surutu, kuma ita ce ta ɗaya a ajin tun daga aji ɗaya. Laifinta guda ne, ta ɗauki takardata da gaske. Ta tafi da littafin ƙauye da hutu, ta karanta shi duka, har da ƙanƙarar.

A jarrabawar zango na biyu na yi tambaya mai maki ashirin: me ya sa a ƙarshe matar ta sayar da jirginta ta koma birni? Ɗalibi talatin da takwas suka ba ni amsa iri ɗaya, irin ta cikin taƙaitawata, wasu har da kuskuren rubutun da ke cikinta. Na ba su makinsu. Dibora kuwa ta rubuta cewa, tare da girmamawa, tambayar ba daidai ba ce. Matar ba ta sayar da jirgin ba. Ta yi ciniki da mai saye, daga baya ta fasa, ta ci gaba da fito har tsufa ya hana ta riƙe sanda. Ta kawo lambar shafi, ta ƙara da cewa ta rubuta haka ne bisa dokar malam ta uku.

Raina ya ɓaci. Na ba ta biyu cikin ashirin, na rubuta mata da jan biro cewa ta riƙa karanta littafi kafin ta yi gardama da malaminta. Ta faɗo daga ta ɗaya zuwa ta tara. A makarantarmu kuwa wanda ya zo na ɗaya a aji biyar kyauta yake yin aji shida, kuma na san a kan wannan gidansu suka dogara.

Bayan mako guda abin ya ƙi barin zuciyata. Da hutun tara, malamai sun fita shan shayi, na buɗe shafin da ta ambata. Anti Saude, yarinyar nan gaskiya ta faɗa, kalma da kalma. Da na bincika sai na gane wanda ya rubuta taƙaitawar shi ma a wurin cinikin ya tsaya, wajen shafi na ɗari huɗu, sauran kuma ya cike da hasashe. Ashe ɗan'uwana ne, juriya kawai ya fi ni.

Ina cikin tunanin yadda zan yi, ran Litinin sai ga mahaifinta, Baba Tizhe, ya zo a babur daga Betso bayan ruwan sama, laka har gwiwa, da zakara ɗaure a baya. Ba ya karanta Turanci, dangwale ya yi a takardata, amma an karanta masa jan rubutuna. Ya sa ta durƙusa a ofishin malamai, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, yarinyan nan kansa ya yi girma. Kai ne ka san littafi." Ni kuma, Allah ya yafe mini, na gyara tabarau na ce ba komai, na yafe mata, yaro sai da gyara. Na karɓi zakaran. Yana nan gidana a Nassarawo, na kasa yankawa, na kasa kyautarwa.

Tun ranar ba ta sake ɗaga hannu a aji ba. Makon jiya na yi musu ɗan gwaji, tambayar ta sake fitowa, don tsohuwar takarda na ɗauko ban duba ba. Dibora ta rubuta cewa matar ta sayar da jirginta ta koma birni. Ta ci ashirin cif.

Saura mako uku a haɗa sakamakon shekara. Matata ta ce in gyara makin a ɓoye, in ce kuskuren lissafi ne, kowa ya huta. In kuwa na faɗi gaskiya, ban san da wace fuska zan sake shiga ajin ba, kuma shugabanmu ba ya wasa da sunan makaranta. Ina da 'ya'ya huɗu. Don Allah me zan yi?

Naki,
Malamin da ya tsaya a shafi na tamanin da bakwai, Mubi

Malam, na gode da wasiƙarka, kuma ina taya ka murna. Cikin ɗalibi talatin da tara ka samu ɗaya da ta bi dokokinka duka uku, kai kuma ka yi nasarar warkar da ita cikin zango guda.

Bari in fara da inda ba ka da laifi mai yawa. Ba kai ne malami na farko da ya koyar da littafin da bai gama ba, kuma wanda ya ɗora wa malami ɗaya shafi ɗari shida a kan sauran aikinsa shi ma yana da nasa kason. Tsoron da kake ji don aikinka da 'ya'yanka tsoro ne na mai hankali. Da a nan abin ya tsaya, da na ce ka je ka karanta littafinka, mu rufe maganar.

Amma bai tsaya nan ba. Ka hukunta yarinya a kan gaskiya, sannan bayan ka san gaskiyar ka bar dattijo ya durƙusar da 'yarsa a gabanka. Wannan ne abin gyara, kuma shawarar uwargida, duk da sauƙinta, rabinsa kaɗai za ta gyara. Za ta mayar wa Dibora matsayinta, amma ba za ta goge abin da ta koya a wurinka ba, cewa ƙarya maki ashirin ce, gaskiya maki biyu.

Ka fara da littafin, yau ɗin nan. Shafi talatin a rana zai kai ka ƙarshe kafin mako ukun, in barci ya zo ka karanta a tsaye. Gobe kuma ka shiga wurin shugabanka da ƙafarka, kafin wani ya kai masa labari. Ka ce tambayar da ka yi kuskure ce, daga taƙaitawa ka ɗauko ta, kana neman a soke ta ga kowa a sake haɗa maki. Kada ka taɓa sauran talatin da takwas ɗin, abin da ka ba su suka mayar maka. Zai yi faɗa, wataƙila ya ba ka takardar gargaɗi. Ba zan yi maka alkawarin ba abin da zai faru ba, amma malamin da ya kawo kuskurensa da kansa ya fi wanda iyaye suka tono sauƙin karewa, kuma littafin yana hannun mutum talatin da tara, wata rana wani zai buɗe shafin.

A aji kada ka yi dogon jawabi. Ka ce Dibora ce ta yi daidai, kai ne ka yi kuskure, ka sa kowa ya buɗe shafin a karanta. Za su yi dariya, za su canja maka suna na ɗan lokaci, ba ka mutuwa. Ran Asabar ka hau babur zuwa Betso da zakaran mutane, ko da laka. Abin da ka faɗa a aji ka maimaita wa Baba Tizhe a gaban 'yarsa, don a gabansa aka kunyata ta. Takardar dokokinka kuma kada ka yage, dokoki ne masu kyau. Ka dai ƙara layi ɗaya a ƙasa inda malam zai sa hannu.

Kada ka sa ran washegari za ka ga hannunta a sama. Yaron da aka daka a kan gaskiya yakan jima yana kallon babba kafin ya sake yarda. Ka ci gaba da tambayarta ra'ayinta, ka saurara har ta gama, ko da kai take ƙaryatawa. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya tsare maka aikinka, ya dawo wa yarinyar nan da gardamarta.

Taku,
Anti Saude