Dutsen da Ya Gasu

Litinin, 3 ga Maris
Mun iso kwarin da hantsi, ni da direba da Dogo, abokin aikina. Shekara ashirin da biyu ina zuwa nan, amma duk sanda mota ta gangaro daga tudu sai na ji kamar yau na fara. Ƙasa ce ta tsage tun fil azal, tsakiyarta ta lotsa, koguna suka yi ta zuba yashi da laka har ramin ya cika, hawa kan hawa. A cikin baƙar lakar nan da ta zama dutse nake cewa akwai man fetur. Na rubuta, na koyar, na ɓata da mutane a kai. Yanzu hukuma ta yarda za ta haƙa rijiyar gwaji. Rahotona kawai take jira.

Laraba, 5 ga Maris
Samfuri goma sha huɗu daga gaɓar rafi. Gwiwar hagu ta fara tsiyarta. Na fasa wani da guduma na kai hanci, Dogo ya ce, “Malam, hanci fa ba ya cikin kayan aikin da aka ba mu.”

Asabar, 8 ga Maris
Ambaliyar bara ta zaftare gefen wani tudu, ta buɗe abin da ban taɓa gani ba. Narkakken dutse ne da ya kutso daga ƙarƙashin ƙasa a zamanin da, ya ratsa baƙar lakata, ya daskare. Faɗinsa taku talatin, na auna sau biyu. Lakar da ke jikinsa ta gasu, in ka buga sai ta yi ƙara kamar fasasshen tulu.

Shi mai, zafi daidai yake so. In ya yi yawa, sai ya ƙone tun yana cikin dutse.

Na ce ai guda ɗaya ne. Dogo ya ce, “To.” Na tsani wannan “to” ɗin nasa.

Lahadi, 9 ga Maris
Narkakkun duwatsun biyar ne, ba ɗaya ba.

Talata, 11 ga Maris
Yau za a kai samfura ɗakin gwaji. Na ware buhu uku na gasasshen na jingina su bayan tanti. Na ce wa kaina mota ta cika. Kafin in gama cike takardu Dogo ya ɗora su. Ko kallona bai yi ba, ya ce nauyinsu bai kai ya hana mota tafiya ba.

Kunya... ban san inda zan sa idona ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Abin da ke ci na, bari in rubuta shi. Shugabar ɗakin gwajin ɗalibata ce ta da, wadda ’yan ajinsu ke kira ’Yar Musu. Shekara goma sha biyu ke nan ta kawo mini wani babi a kundin digirinta, ta ce duwatsun tsakiyar kwarin nan sun ƙone. Na bi shi da jan biro shafi-shafi.

“Malam, hujja fa gare ni.”

“Hujjarki ba ta nuna ba tukuna.”

Ta cire babin, ta ci jarrabawa. In mun haɗu a taro tana gaishe ni da ladabi. Amma ba ta sake taka ofishina ba.

Uwargida ta kira da la’asar. Ta ce muryata ba daidai take ba. Na ce gwiwa ce. Ta ce, “Yaushe gwiwa ta koma maƙogwaro?”

Juma’a, 21 ga Maris
Ofis. Sakamako ya iso, shafi huɗu, lambobi zalla. Na tsakiyar kwari duk sun ƙone, har waɗanda na ɗebo nesa da narkakken dutsen. Uku ne kawai daga gefen arewa ke da ɗan alheri.

A ƙasan shafin ƙarshe ta rubuta da hannunta: “Na maimaita gwajin sau biyu, Malam, ko Allah zai sa ni ce na yi kuskure.”

Da ta yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 24 ga Maris
Na miƙa rahoto. Kada a haƙa a tsakiya, a fara binciken arewa. Shugaban hukuma ya karanta sakin farko, ya cire tabarau, ya ce, “Farfesa, kai da bakinka?” Na ce ba bakina ba ne, dutse ne. Ya ce an riga an sanar da jama’a. Na ce sai a sake sanar da su.

A shafi na biyu na rubuta cewa ba ni na fara gano wannan ba, na sa sunanta da shekarar. Ƙa’idar aiki ce kawai.

Alhamis, 27 ga Maris
Na biya ta ɗakin gwaji in karɓo ragowar samfura. Tana ganina ta miƙe, ta jawo mini kujerarta. Muka yi maganar injin da ya lalace musu, da ’ya’yanta. Ashe uku ne, babbar har ta shiga sakandare. Ban sani ba.

Na tambaya ko babin nan yana nan. Ta ce yana nan, da jan bironsa. Na ce ta aro mini, ina so in karanta. Ta ce ai na taɓa karantawa. Na ce a’a, gyarawa na yi.

Za mu je arewa watan gobe. Ita za ta zaɓi inda za a ɗebi samfuri, tunda gwiwata ba ta son hawa.

Ba haƙuri na je bayarwa ba, kaya na je karɓa. Sai da muka kusa gida direba ya tambaye ni ina buhunan.