Na hau igiyar teku, Inna ba ta sani ba

Hajiya Mairama, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Abin farin ciki ne ya same ni, irin wanda rabona da shi tun haihuwar 'yata ta fari, amma na rasa ta ƙofar da zan shiga da shi gidanmu. Ki yi haƙuri da tsawon takardar, ni direba ne, na saba da doguwar hanya.

Shekaruna arba'in da shida. Ina jan lori daga Doka zuwa Bur Sudan, wani lokaci dawa, wani lokaci riɗi. Kafin in kama sitiyari na yi shekara tara ina aikin lodi, a saman buhuna nake tafiya daga gona zuwa Gadarif, a tsaye, a kan wannan hanya tamu da ke girgiza hanjin mutum. Ki riƙe wannan, zai dawo.

Mu a gidanmu ba a shiga teku. Kakana na wajen uwa, Malam Yunusu, ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa shi da wansa, da niyyar Makka. Shekara bakwai suna tafe suna ƙwadago har suka isa Sawakin. Wan ya samu wuri a jirgin katako, shi aka ce ya jira na gaba. Yana tsaye a gaɓa yana ɗaga hannu jirgin ya kife, ba a fitar da kowa ba. Daga nan ya juyo, ya zauna a Gadarif ya kama noma. Har ya koma ga Allah, masu tsokana suna ce masa Alhajin Sawakin, yana murmushi, amma Inna ta ce ba ta taɓa ganin murmushin ya kai idonsa ba. Haramin da ya saya bai ɗaura ba yana nan a akwatinta, duk shekara sai ta fito da shi ta shanya ta mayar.

Ranar da zan fara zuwa Bur Sudan, Inna ta riƙe hannuna ta sa na yi mata alkawari ko ɗan yatsa ba zan tsoma a teku ba. Shekara goma sha uku ina riƙe da wannan alkawari. Ko fuska ba na juyawa wajen ruwan.

Sai bara. Layin sauke kaya ya yi tsawo, mota kan kwana takwas ba a zo kanta ba. Akwai wani bawan Allah, Mutaz, da yaƙi ya koro daga Khartum, yana sayar wa direbobi jabana, wato gahawa, a bayan gari kusa da ruwa. Ya girme ni, kansa duk furfura. Wata safiya iska ta taso, na ga ya rufe tukunyarsa, ya ɗauki wani dogon allo da ya sha faci, ya kwanta a kansa ya nausa cikin ruwa. Can sai ga shi a tsaye a kan igiyar ruwa, tana tafe da shi zuwa gaɓa, hannuwa a buɗe, yana dariya shi kaɗai. Wallahi Hajiya sai da na ajiye finjalin da ke hannuna. Mutumin da ya rasa gida da shago, ga shi yana dariya kamar an yi masa bushara. Ashe a ƙasar waje ya koya lokacin yana karatu. Na ce masa ina so. Ban san lokacin da bakina ya faɗa ba.

Ya ƙi ba ni allon sai na iya iyo. Lodi uku na yi, wato kusan wata biyu, ina fafutuka a ruwan da bai wuce ƙirjina ba, direbobi suna zaune a inuwar motoci suna yi mini tafi na shaƙiyanci. Ranar farko da jallabiya na shiga, ta kumbura ta rufe mini kai. Ruwan gishirin da na sha, da a gona aka zuba shi da ya kashe shuka.

Da na iya iyo muka koma kan allo. A nan ne na gane direba ba ya mantuwa. Duk sanda igiya ta ɗauke ni na ji gudu, sai ƙafata ta dama ta nemi birki, in danna bakin allo, in kifa da ka. Na faɗi ya fi sau ɗari. Gwiwoyina suka sassale, na fara cewa a raina wannan alhakin Inna ne. Na gaya wa Mutaz na haƙura. Muna shan jabana nake ba shi labarin zamanin lodi, yadda muke tsayawa a saman buhu ɗari biyu mota tana rawa a cikin laka. Sai ya tashi tsaye ya ce in nuna masa tsayuwar. Na karkace, na sassauta gwiwa, na zuba ido can gaba. Ya ce abin da yake ta fama ya koya mini ke nan wata guda, ashe na shekara tara ina yinsa. Ya ce in manta ni direba ne, in koma ɗan lodi.

Washegari igiya ta uku na miƙe. Na miƙe, Hajiya! Ruwa yana gudu a ƙarƙashina, iska tana dukan kunnena, ban nemi birki ba har allon ya goge yashi. Direbobin da ke yi mini dariya suka hau danna ham gaba ɗaya. Ni kuwa, ƙato da ni, na durƙusa a yashi ina kuka. Jikan Alhajin Sawakin ne fa ya hau teku ya sauko da ƙafarsa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauke ni a waya, kuma na kalli bidiyon nan ya fi a ƙirga. Yanzu in iska ta yi kyau ina hawa goma in faɗi uku.

Ga inda matsalar take. Riɗi ya yi kyau bana, ni da yayata Batul muka haɗa za mu kai Inna umara a azumi, ni ne zan raka ta. Jirgin sama ya fi ƙarfinmu, na ruwa daga Sawakin ne daidai mu. Da ta ji Makka ta yi guɗa. Da ta ji jirgin ruwa ta ce a bar maganar. Shekarunta saba'in da huɗu, gwiwa ta fara gajiya, kuma mai shirya tafiyar yana son amsa kafin tsakiyar Sha'aban. Ina ji a jikina in ta ga bidiyon nan tsoronta zai ragu. Amma nuna mata shi ne faɗa mata cewa na karya alkawarinta. Batul ta ce in rufe bakina, kada in sa wa tsohuwa hawan jini. Ni kuma ina ganin in na yi shiru, Inna za ta mutu a wannan gefen ruwa kamar mahaifinta. Ina jin kunya, ina kuma jin daɗi, duka biyun a ƙirji ɗaya. Yaya zan yi?

Ɗan lodi daga Doka

Amsa

Malam ɗan lodi, da farko barka. Na karanta takardarka na yi dariya a wurin birki, na share hawaye a wurin yashi. Mutum mai shekara arba'in da shida da ya yarda a yi masa dariya wata uku don ya koyi abu, ya cancanci a taya shi murna. Ka gaishe mini da Mutaz, ya yi hankali da ya hana ka allo sai ka iya iyo. Ka ci gaba da bin tsarinsa, kada ka shiga ruwa kai kaɗai, komai ƙwarewarka.

Yanzu sai mu faɗi gaskiya. Ka karya alkawari, kuma jin daɗin da ka samu bai goge wannan ba. Inna ba rigima take yi ba. A gaban uban da ya ga ɗan'uwansa ya nutse ta girma, ta ɗauki tsoronsa ta goya shi shekara saba'in, kuma da ta riƙe hannunka ranar nan, sonka ne ya sa. Batul ma tana da gaskiya da take jin tsoron girgiza ta. Inda ban bi ta ba shi ne shirun. Bidiyon da ke wayar direbobi ba ya zama a Bur Sudan. Gara Inna ta ji daga bakinka da ta gani a hannun wata maƙwabciya.

Kada ka fara da waya. Ka same ta da hantsi, ku biyu, bayan ta karya. Ka zauna ƙasa, ka ce ka zo neman gafara, ka faɗi abin da ka yi ba tare da ado ba. In ta yi faɗa ka sunkuyar da kai, haƙƙinta ne. Ranar nan kada ka ambaci umara ko kaɗan, don kada ta ɗauka tubanka dabara ce. Bidiyo kuwa sai in ita ta nema, kuma ina kyautata zaton za ta nema, uwa ba ta iya haƙurin rashin ganin abin da ɗanta ya yi.

Ka kuma sani, allonka ba hujja ba ce cewa jirgi ba ya kifewa, kada ka ce mata haka. Abin da zai nuna mata ɗaya ne: jinin Malam Yunusu ya shiga teku ya fito yana dariya. Sauran aikin na ido ne. In ta huce, ka roƙe ta ku je Sawakin da Batul, kallo kawai. Ta ga girman jirgin yanzu, ta ga tsofaffi sa'o'inta suna hawa da sandunansu. Ka roƙi mai shirya tafiyar ya ƙara muku 'yan kwanaki. In bayan duk wannan ta ce a'a, ka karɓa da fuska a sake, ku ci gaba da tanadin jirgin sama. Ba a tura tsohuwa ɗakin Allah da tsoro a cikinta.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi so ka riƙe. Macen da ke shanya harami duk shekara ba ta haƙura da tafiyar nan ba. Kada ka ce mata ta daina tsoro. Ka roƙe ta haramin. Ka ce kai za ka ɗaura shi, amma ba za ka iya kai shi kai kaɗai ba, sai da 'yar mai shi a gefenka.

Allah ya sanyaya zuciyar Inna, ya yafe maka, ya ji ƙan Malam Yunusu da wansa. Allah ya sa tafiyar da aka faro daga Haɗeja ta ƙare a hannunku, ku je lafiya ku dawo lafiya.

Hajiya Mairama